Amanar Sandar Iska

Duk Ungwan Tagwai babu wanda ya kai Azariya Kafinta ƙin iska, kuma babu wanda iska ta yi wa rana kamarsa. Shekara arba'in yana hawa saman gidajen mutane yana mayar da kwanon da ta yaye, tun daga ƙauyensu har cikin Manchok. Da wannan aiki ya gina ɗaki huɗu, ya kai 'yarsa Rosemary har jami'a. Amma ko sau ɗaya bai taɓa gode mata ba. In ya ji ta fara kaɗa mangwaron ƙofar gida sai ya ɗaga kai ya harari sama, ya ce, "Ga ɓarawon nan ya dawo."

Ƙauyen yana gindin wasu duwatsu biyu masu kama da juna, su suka ba shi sunansa. Tsakaninsu akwai wani fili da ake kira Kafa, ta nan iska take ratsowa ta sauko wa gari. Ba mai gini a Kafa. Mata ne kawai ke hawa da kaka su shiƙe acha, don a can ko ba a ɗaga ƙwarya sosai ba ƙaiƙayi zai kama gabansa.

Abu na biyu da aka san Azariya da shi shi ne riƙon amana. A wannan yanki, in mutum ya bar maka kayansa ya tafi, yadda ya ba ka haka za ka mayar masa, in kuwa ya samu ko ƙwarzane, kunyar ta gidanku ce gaba ɗaya. Azariya ya kai abin inda ba a kai shi. A hannunsa makullin ɗakin ajiyar coci yake, gangunan zumuntar mata da manyan tukwanen biki da tamfol, shekara ashirin da shida ko murfi bai ɓata ba. Wani malamin makaranta ya taɓa barin kekensa a wurinsa ya tafi ƙaro karatu, bayan shekara uku ya dawo ya tarar da keken a rataye cikin buhu, an shafe shi da mai, har ya fi ranar da aka saye shi kyau. Azariya yana son a ba da wannan labari a gabansa. Yakan yi kamar bai ji ba, amma kunnensa na wurin.

Abin da ba ya so a taɓo shi ne zancen Rosemary. Ita kaɗai ce 'yarsa, injiniya ce a wani kamfani a Abuja da ke kafa wa ƙauyuka wutar sola. Shekara tara ke nan rabon da ta yi mako guda cur a gida. Za ta zo Kirsimeti ta kwana biyu, kafin naman biki ya ƙare ta ɗauki jaka. In an tambaye shi sai ya ce, "Yana aiki, mun gode Allah." Amma matarsa Martina ta san kewar yarinyar tana cinsa, don ta sha kama shi yana share ɗakin da ba mai kwana a ciki.

Wata Talata a watan Nuwamba sai ga Rosemary a motar a-kori-kura, da ma'aikata uku, an ɗauro dogayen bututan ƙarfe a baya. Martina ta tuƙa tuwon acha, ana ci Rosemary tana bayani da hannu biyu.

"Baba, sola yana da kyau, amma ka san Agusta. Sati biyu rana bai fito ba, batir ya mutu, gari ya koma duhu. Shi ya sa kamfani yana so ya haɗa da iska. Akwai mutanen da suka yarda za su zuba jari, a kafa injin iska uku, manya, kamar fanka a kan dogon ƙarfe. Amma su ba su jin labarin baki, lamba suke so su gani. Sai na tashi a mitin na ce na san wani wuri. Na ce a garinmu akwai iskan da ya kai ni makaranta."

"Ɓarawon nan?" in ji Azariya.

"Shi fa. Za mu sa shi aiki. Wuta a kilinik, injin niƙa, injin busar da citta, yara su yi karatu da lantarki. In lamba ya yi kyau nan za a kafa. In an kafa kuma, dole injiniya ɗaya ya zauna kusa. Oga na, Madam Irene, ya ce ni zai ba."

Azariya ya tsaya da loma a hannu. "Ka zauna a ina?"

"A nan mana. Ko ka ba wani ɗakina?"

Ya mayar da lomar cikin kwano, ya ce bari ya duba akuya, ya fita. Akuyar lafiyarta lau. Ya daɗe tsaye a bayan rumbu yana murmushi shi kaɗai, daɗi ya cika masa ciki har ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari aka hau Kafa aka haɗa bututan suka zama sanda ɗaya, tsawonta ya fi na hasumiyar coci sau biyu. A samanta akwai 'yan kofuna uku masu juyawa in iska ta taɓa su, a ƙasa kuma akwati mai makulli. An yi mata gaɓa a gindi yadda za a iya haɗa ta a kwance, sannan a ɗaga ta da waya da wani abin naɗi mai hannu. Azariya ya tsaya kusa, hannu a baya, bai bar ƙusa ɗaya ta wuce idonsa ba. Kafinta ne, abin da ya gani sau ɗaya ya shiga.

Da za ta tafi, Rosemary ta ce, "Wata shida zai tsaya. Akwatin nan yana rubuta ƙarfin iska a cikin kati. Baba, a hannunka na bar shi. Kayan kamfani ne, kuma ni na sa hannu."

"Ka taɓa jin an bar abu a hannuna ya lalace?"

"Shi ya sa na kawo shi gida," ta ce, ta shiga mota.

Makonnin farko lafiya lau. Kullum da safe Azariya ya hau Kafa ya duba wayoyin da suka riƙe sandar, ya goge akwatin da tsumma, ya kori awaki. Kofunan suna juyawa a hankali, abin sha'awa.

Sai cikin Disamba iskar rani ta taso da gaske. Ya hau da safe ya tarar kofunan suna gudu har ba a iya ganinsu, wayoyi suna kuka, sandar tana rawa tun daga wuya. Shi ya san abin da iskar nan take yi wa ƙusa mai inci huɗu, balle wasu 'yan kofuna da ba su fi na shan shayi ba. In suka ci gaba da wannan gudu, kafin yamma sun suɗe. In sandar ta karye kuwa, sunan 'yarsa ne a takarda, sunansa kuma a bakin gari.

Ya sauko da sauri ya kira maƙwabcinsa Yafet, wani ƙaton manomin citta da ba ya musu da dattijo, suka ɗauko maza biyu daga zumuntar maza. Azariya ya kama hannun abin naɗin, sauran suka riƙe wayoyi, suka kwantar da sandar a hankali kamar mai jinya. Ya sa aka tara karan acha aka yi mata shimfiɗa. Kofunan kuwa ya naɗe su da tsohon zanen Martina, ya ɗaure tamau. Da la'asar iska ta lafa, suka kwance, suka tayar da ita, ko ƙwarzane babu.

Martina ta ji labari ta riƙe haɓa. "Baban Rosi, abin nan ba iska aka kawo shi ya auna ba?"

"Iska aka ce. Ba a ce hauka ba."

"To in ka kwantar da shi, me zai auna?"

"Ai yana aunawa sauran ranaku. Ke ko mutum ka sa aiki, in hadari ya taso ba ka shigo da shi ɗaki?"

"Ni dai ka kira yarinyar ka tambaye shi."

"In tambayi ɗan da na haifa yadda ake riƙon amana?"

Martina ta ce ita ta yi shiru, a dawo mata da zanenta kawai. Ba a dawo da shi ba.

Daga nan abin ya zama aikin gari. Suka sa wa sandar suna Baƙo. Da an ji kwanon coci ya fara ƙara sai ka ji wani ya ɗaga murya, "A je a kwantar da Baƙo!" Maza su ajiye fartanya su hau. Har gasa ake yi, wa zai riƙe waya, wa zai gyara shimfiɗa. Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan bawa mai aminci, ya nuna Azariya da hannu daga kan bagadi, ya ce ga misali a cikinmu. Azariya ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma a ranar tafiyarsa ma ta canja. In Rosemary ta kira a waya ta ce yaya sandar, sai ya ce, "Yana nan kamar jiya aka kawo shi." Gaskiya ya faɗa.

Da Ista Rosemary ta zo ɗaukar katin. Ranar iska ba ta ko motsa ganye, sandar tana tsaye tana sheƙi. Rosemary ta zagaya ta, ta ce ba ta taɓa ganin sandar awo da ta yi wata biyar a daji ta fito fes haka ba. Ta rungume babanta a gaban mutane, ta sa sabon kati, ta koma Abuja.

Bayan mako biyu ta kira. Tun daga gaisuwa Azariya ya ji muryarta ba daidai ba.

"Baba, lamba bai yi kyau ba. Katin ya nuna iska kaɗan kaɗan, sai kuma ya nuna babu komai, awa shida, awa takwas, shiru. Da aka haɗa duka, bai kai abin da masu jari suke nema ba. Madam ya ce ranar Alhamis da yamma zai zo da kansa a kwance sandar, a kai wani dutse can gefen Filato. In can ya yi kyau, can za a tura ni." Sannan ta ce, "Na yi alkawari a gaban kowa, Baba. Yanzu ana kallona kamar na yi ƙarya don a kawo wuta garinmu."

Azariya ya fita tsakar gida ya dubi duwatsun ya fara zage-zage. Shekara arba'in ɓarawon nan yana yaye kwanon bayin Allah, yau da aka zo neman shaidarsa ya noƙe. Munafuki. Martina tana tankaɗe ta bar shi ya gama.

"Awa shida, awa takwas, shiru," ta ce, ba ta ɗago ba. "Awa nawa Baƙo yake yi a kwance?"

Maganar ta shige shi kamar ƙaya. Ya ce na'urar Turawa ce, ita ta san abin da ke damunta, ya ɗauki hula ya fita. Amma daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Sau uku yana ɗaukar waya zai kira Rosemary, sau uku yana mayarwa aljihu. Yaya mutumin da aka yi wa'azi da sunansa zai ce shi ya ɓata aikin da aka bar masa? Ya riƙa lallashin kansa cewa wataƙila ba haka ba ne.

Ranar Alhamis da hantsi hadarin farkon damina ya haɗo ta gabas, iska ta riga shi isowa. Yafet ya leƙo ta katanga. "Dattijo, a kwantar?"

Azariya ya tsaya yana kallon Kafa. Zuciya ɗaya ta ce bar ta. Ɗayar ta ce yau kaɗai ya rage, wata shida ka riƙe abu ba tabo, sai ranar mayarwa ya karye a hannunka? Ai baƙin sai yamma, kafin nan an tayar.

"A kwantar," ya ce.

Ba su daɗe da gama naɗe kofunan ba sai ga mota tana hawowa. Madam Irene ta ga hadari tun daga Kafanchan, ta ce a yi sauri a gama kafin ruwa. Mace ce gajera mai gilashi, 'yar Kagoma, wadda in ta yi magana ma'aikata ke gyara tsayuwa. Ta fito iska ta kusa tafiya da ɗankwalinta. Mutanen gari da suka ga mota suka biyo baya, har da fasto da matan zumunta, a zo a yi wa Baƙo sallama.

Madam Irene ta dubi sandar a ƙasa, ta juya ta dubi Rosemary.

"Injiniya, mene ne wannan? Sanda a ƙasa? Ashe shi ya sa muke ganin sifiri. Ka kafa abu bai iya tsayuwa ba, yana faɗuwa ana tayarwa, kuma ba ka rubuta a rahoto ba. Wata shida na kamfani ya tafi a banza. Ni na tsaya maka a gaban masu jari. Yanzu me zan koma in faɗa musu?"

Rosemary ta taka zuwa kan sandar. Ta ga karan acha an jera shi daidai wa daida. Ta ga zanen da ta sani tun tana goye. Ta ga ƙullin igiyar, irin wanda mutum ɗaya ne a duniya yake yinsa. Ta ɗago ta dubi babanta, ta dubi fasto da jama'ar da suka kewaye shi, sannan ta juya.

"Laifi na ne, Ma," ta ce. "Ban ɗaure shi da kyau ba."

Azariya ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Ga hanya a buɗe: ya yi shiru, a kwashe ƙarafa a tafi, sunansa ya zauna yadda yake, ba mai fallasa shi a garin nan. Amma yarinyar da ya kai makaranta da kuɗin gudumarsa ce tsaye cikin iska tana ɗaukar kunyarsa a kanta. Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya fi kunyar. Ya cire hularsa, abin da ba ya yi sai a coci, ya matso gaba.

"Madam, yarinyar nan ƙarya yake yi, kuma ban koya masa ƙarya ba. Sandan nan bai taɓa faɗuwa ba. Ni nake kwantar da shi."

"Kai, Baba? Don me?"

"Don kada iska ya lalata shi. An bar shi a hannuna. Duk ranar da iska ya yi ƙarfi, sai mu kwantar da shi mu rufe masa kai, in ya lafa mu tayar. Matata ya faɗa mini tun farko, ban ji ba. Tun ranar da yarinyar ya kira ni na gane abin da na yi, girman kai ya hana ni magana. In akwai hukunci, ni ne. Kada ka taɓa aikin yarinyar nan."

Yafet ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa. Fasto ya shiga gyaran kwalar rigarsa.

Madam Irene ta cire gilashi ta goge. "Bari in gane. Duk ranar da iska ya fi ƙarfi, ranar kuke kwantar da abin auna iska?"

"Haka ne."

"Ku rufe masa kai da zane?"

"Saboda ƙasa kada ya shiga."

Ta dubi shimfiɗar, ta dubi zanen. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinta, ta fashe da dariya har sai da ta zauna a kan karan achan tana share hawaye. "Wayyo Yesu! Shekara goma sha biyar ina aikin nan. An sace mana batir, an sace waya, shanu sun ture sanda. Amma ban taɓa zuwa inda aka yi wa sanda jinya ba!"

Dariyar ta kama matan zumunta, ta kama maza, har Rosemary ta rufe fuska da hannu, ba a san ko dariya take ko kuka ba. Martina ta ce, "Na faɗa masa, Madam. An ba ka mudu, ranar girbi ka ɓoye shi a ɗaki don kada ya tsufa."

"Sau nawa kuka yi haka, Baba?"

"Arba'in da uku, har da yau."

"Ka tabbata?"

Azariya ya ɗan ji haushin tambayar. Kafinta ba ya yin abu bai sa alama ba. Ya je bayan wani dutse ya jawo guntun katako, ya miƙa mata. A jikinsa an rubuta da fensir, layi bayan layi, ranar da aka kwantar, da ƙarfe nawa, da ƙarfe nawa aka tayar. Rosemary ta ɗauko kwamfuta daga mota, suka fake a jikin motar su biyu, ita tana karanto ranakun sifiri, Madam Irene tana bin katakon da yatsa. Sha bakwai ga Disamba, akwai. Biyu ga Janairu, akwai. Suka bi har ƙasa, ba ɗaya da ya kuskure.

Madam Irene ta miƙe ta juya fuskarta Kafa, ta bar iskar tana dukanta. Wannan karon da idon ɗan kasuwa take kallon wurin.

"Wato lambar da muka raina, na ranakun da iska yake hutawa ne. Kuma ko a haka saura kaɗan ya kai." Ta kaɗa kai. "Amma katako ba zai shiga mitin ba. Masu jari ba za su sa hannu a kan abin da ba a auna ba. Sai an sake daga farko, shekara ɗaya cif, rani da damina."

"A nan?" in ji Rosemary.

"A ina kuma? Wurin da mutane huɗu suke gudu su ɓoye ƙarfe sau arba'in da uku, zan bar shi in tafi neman iska a wani dutse?" Ta juyo ga Azariya. "Amma Baba, ba zan sake barin shi a hannunka ba. Ka cika son shi da yawa."

Azariya ya karɓi maganar, don ya san shi ya jawo ta. Duk da haka sai da ya tambaya, "In ya karye fa?"

"In iskan nan ya iya karya shi, da rawa zan kawo wanda ya fi shi. Injiniya!"

"Ma."

"Kai za ka zauna a nan ka tsare shi daga masu ƙaunarsa. Kowane sati ka turo mini lamba. Kafin shekara ya cika ka ƙirga gidaje da injinan niƙa, ka sa wa kilinik sola ya fara aiki. In lamba ya fito yadda nake zato, ka riga ka san inda za ka ci gaba da zama. Litinin ka je ka kwaso kayanka."

Hadarin ya zagaye ya tafi ta kudu bai zubar ba. Da iska ta ɗan sassauta aka kwance zanen, Martina ta karɓe abinta ta kakkaɓe, aka tayar da sandar. Kofunan suka kama gudu nan take. Yafet ya matso kusa da Azariya ya rage murya, "Dattijo, ni fa har yanzu tausayinsa nake ji." Azariya ya ce shi ma haka, amma su riƙe a ciki.

Bai jira aka gama sallama da Madam ba. Ya sauko gida shi kaɗai, ya buɗe shagonsa, ya jawo katakan madobiya biyu da ya daɗe yana ajiya, ya ɗora a kan benci ya fara fere su. Yana cikin yi inuwa ta tare masa haske. Rosemary ce a bakin ƙofa.

"Me kake yi, Baba?"

"Tebur. Injiniya ba zai yi shekara yana rubutu a kan cinya ba."

Ta shigo ta kama ɗaya bakin katakon ta danne masa don kada ya motsa. Ya yi ta aiki bai dube ta ba, ɓawon katako yana zuba a ƙafafunsu.

"Da ka yi shiru, ba wanda zai sani," ta ce.

"Ni zan sani." Ya hure katakon, ya shafa shi da tafin hannu. "Na ɓata maka wata shida. Ka yafe ni."

"Na yafe tun a kan dutse."

Ya ajiye abin aikin. Ya daɗe yana neman yadda zai faɗi maganar ta wata hanya, ta zancen tebur ko ta zancen ɗaki, bai samu ba, sai ya faɗe ta yadda take.

"Rosi, shekara tara gidan nan ya yi mini faɗi. Na yi kewarka ƙwarai."

Idonta ya kawo ruwa, ta yi murmushi. "To ga ni, Baba. Auna tsawon da kyau, ni ba gajere ba ne."

Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ce ta tsaya daidai, ya gwada katakon a ƙugunta ya ja layi.